Kofi Mai Jan Farce

Shafi na 19

Na san na yi kwana biyar ban turo komai ba, ku yi haƙuri. Wannan shafin sau uku ina rubuta shi ina gogewa.

*

Bua Shakuntala ce ta dage sai mun je silima, kuma sai nunin ƙarfe sha biyun rana. Yayar mahaifina ce. Tun da ya rasu ta tare a gidanmu, ta zama alƙaliyar komai, daga gishirin miya har auren 'ya'yan maƙwabta.

"Duk Kanpur sun kalla sai mu," in ji ta, tana neman takalminta ƙarƙashin gado. "Ɗan mai gugarmu ya rubuta fim, a ce ba mu gani ba? Yaron da ya girma yana ninke rigunan ƙanena? Ai da rabonmu a ciki."

"Rabon me?" Maa, mahaifiyata, ta ce. "Kujera kyauta za su ba ki?"

"Ke dai sa koren sarinki mu tafi. Kumud, ke ma tashi. Kin gama jami'a kin zauna kamar tukunyar fure."

Na tashi. Shekara uku ke nan ban furta sunan Sarvesh a gidan nan ba, sai ga shi an rubuta da manyan haruffa a bangon silima, ƙasan hoton jarumai: Sarvesh Kanaujiya. Na tsaya ina karantawa har Bua ta ja ni.

Fim ne na ban dariya. 'Yar mai kantin zinare ta kamu da son ɗan mai facin keke. Akwai waƙa cikin ruwan sama, akwai kawu mai tumbi da ke faɗawa kwata duk lokacin da ya bi su. Mutane na ta fito da baki. Ni ma na yi dariya sau biyu, ba zan ɓoye ba.

Dab da hutun tsakiya, saurayin ya zo gidan yarinyar shan shayi.

Uwar ta shiga kicin. Ta wuce kofunan tangaran da ke jere, ta leƙa bayan ƙofa, ta ɗauko wani kofin silba da awartakin juya gurasa, tana kau da kai kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Silima ta ɗauki dariya. Aka matso da hoton gindin kofin.

Ɗigon jan farce.

Gyaɗar da ke hannuna ta zube.

Uwar ta danƙa wa yarinyar kofin, ta tura ƙeyarta zuwa falo. Yarinyar ta zo gaban saurayin, ta dube shi, ta dubi uwarta, sai ta kafa kai ta shanye shayin tas, har da lashe baki. Uwar ta sulale kan kujera, ƙafafu sama. Samarin gaba suka miƙe suna tafi suna buga kujeru.

Bua tana share hawayen dariya da bakin mayafinta.

"Kai, wannan uwa muguwa ce! Wa ke yin haka a zamanin nan?"

"An cika ƙari," Maa ta ce. "Wa zai ɗauki kofi da awartaki?"

Ba ta ƙara cin gyaɗa ba har aka tashi.

A gidanmu akwai kofin silba da ke kife a bakin tagar bayan kicin. Maa ce ta ɗiga masa jan farce a gindi tun ina firamare, don kada ya haɗu da namu. Mai shara na sha da shi, mai gyaran famfo, da Chacha Ramautar mai guga, mahaifin Sarvesh. A al'adarmu asalinsu na ƙasa da namu, bakinsu ba ya taɓa abin da muke sha da shi. Wanda ya sha shi zai wanke a famfon tsakar gida, ya kife inda ya gan shi.

Shekara uku da suka wuce, Sarvesh ya shigo ta ƙofar gaba. Ajinmu ɗaya a jami'a, shi ne na farko a kowace jarrabawa, ni ta biyu. Ni na ce ya zo ya gaisa da Maa. Ya sa farar riga da ya goge da kansa. Aka ce a kawo shayi, ni na kawo tiren. Ya dubi kofin da na ajiye masa, bai dube ni ba. Ya shanye, ya tashi ya fita tsakar gida ya wanke, ya kife a bakin taga, ya haɗe hannuwa ya yi wa Maa sallama.

Sati ɗaya bayan nan ya hau jirgin Mumbai.

*

Washegari da safe Bua ta cika mini hannu da kayan guga.

"Ramautar zai zo ya karɓa ai," na ce.

"Na sani. An ce ɗan ya iso jiya. Ki ce masa ina gayyatarsa shan shayi ƙarfe huɗu. Ki faɗa da murmushi, kada ki tsaya kina kallon ƙafarki."

Na dubi Maa. Tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago ba.

"Ki ɗauko tangaran ɗin aurena daga saman kabad idan kin dawo," ta ce. "Sun yi ƙura."

Teburin Chacha yana nan inda yake tun kafin a haife ni, ƙarƙashin darbejiyar bakin layi. Sai dai yau ba shi ke riƙe da dutsen guga ba. Wani dogo ne cikin singileti, ya sunkuya yana hura gawayi.

"Ka ƙona wa lauya wuyan riga, ni zai zaga ba kai ba," Chacha ke cewa. "Hannunka ya mutu. Abin da Mumbai ta koya maka ke nan?"

"Bapu, ka zauna ka huta mana."

"In huta in kalli ana kashe mini sana'a? Au, bitiya, 'yata! Da kanki? Kawo, kawo."

Sarvesh ya ɗago.

Ya yi ƙiba kaɗan. Ya fara sa tabarau. Tabon ƙunar da ke bayan hannunsa na dama yana nan.

"Kumud Awasthi," ya ce. "Ta biyu a aji."

"Da maki huɗu kawai."

"Biyar."

"Huɗu da rabi."

Ya yi dariya, ni kuma na dubi ƙafata, kamar yadda Bua ta hana.

Chacha ya karɓi kayan, ya koma can gefe yana ƙirga su a kan benci, ya juya mana baya irin na wanda yake jin komai.

"Kin kalla?" Sarvesh ya tambaya.

"Jiya."

"Ke kaɗai?"

"Da Maa da Bua."

Ya ajiye dutsen a kan bulo.

"Maa ta kalla? To me ta ce?"

"Ta ce ba wanda ke ɗaukar kofi da awartaki."

"Gaskiyarta. Darakta ne ya ƙara wannan, ya ce in ba haka ba mutane ba za su yi dariya ba. Kuka za su yi, kuma ba kuɗin kuka suka biya ba."

"Jan farcen fa?"

"Wannan nawa ne."

Keken haya ya wuce yana ta ƙararrawa. Na jira ya yi nisa, duk da ba abin da zan ce.

"Kin ji haushi?" ya ce.

"A'a."

"Kumud, kin san ban iya zagaye ba. Jirgina ranar Alhamis. Ban zo don fim ba, an gama da fim. Na samu ɗaki biyu a can, ɗaya na kallon bangon maƙwabci, ɗaya na kallon layin dogo. Akwai makarantar 'yan mata kusa da ke neman malamar Hindi. Na tambaya."

"Ka tambaya?"

"Sau biyu. Sun fara zaton ni ke neman aikin."

Ban yi dariya ba.

"Shekara uku ba ka kira ba."

"Shekara ɗaya ina fushi. Shekara ɗaya ina kwana kan benci a ofishin wani. Ta ukun na zauna na rubuta abin, sai da na rubuta na gane. Na ga yarinya a kicin, uwarta ta tsare ƙofa, ta danƙa mata kofi ta ce ɗauki. Me za ta yi? Ke da ba ki iya ce wa mai kanti canjinki bai cika ba. Na ce kai Sarvesh, kai ne azzalumi. Ka bar ta da laifin da ba nata ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin singiletinsa.

"Na yafe wa Maa. Haka ta taso. Ke kuwa ba ma abin da zan yafe."

Ku da kuke karantawa, a nan ne ya kamata in yi shiru. Shiru ne abin da na fi iyawa a duniya. Da na gyaɗa kai kawai, da ranar Alhamis ina da kujera kusa da taga.

"Maa ba ta shiga kicin ba," na ce.

"Na'am?"

"Ranar. Ba ta shiga ba. Tana falo tare da kai, tana tambayarka karatunka. Ka tuna."

Ya tsaya. Na ga yana komawa falon a cikin kansa, yana duba kujerun ɗaya bayan ɗaya.

"Ta dai ce miki wani abu kafin nan."

"Ba ta ce ba. Ba ta ma san za ka zo ba sai da ka buga ƙofa."

"To da ido..."

"Sarvesh, ni kaɗai ce a kicin. Na dafa shayin, na sa citta da yawa don na san kana so. Ina ta murna. Har waƙa nake yi a hankali. Na jera kofi biyu cikin namu na kullum, nawa da na Maa. Sai na miƙa hannu bakin taga."

"Don kina tsoron ta."

"Ban ma tuna da ita ba. Ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya je. Tun ina shekara bakwai in Chacha ya zo ni ake aika in zuba masa. Ban ga abin da na yi ba sai da na ga kana kallon kofin."

"Sai kika yi shiru."

"Sai na yi shiru."

"Ina wankewa a famfo kina tsaye a ƙofa."

"Ina tsaye."

Wani ƙauri ya taso. Hannun rigar lauya ya taɓa gefen dutsen. Ba wanda ya motsa sai Chacha, ya taso da sauri ya fizge rigar yana karkaɗewa.

"Shi ke nan, ka ja mini zagi."

"Bapu, ka ji abin da ta ce?"

"Ni kurma ne? Na ji." Ya ɗaga rigar yana duba ƙunar a hasken rana. "To mene ne? Kofin nan mai kyau ne. Yana riƙe zafi. Kuma bitiya kullum sai ta cika mini shi har baki, ta ƙara sukari a ɓoye. Wasu gidajen a tafin hannu ake zuba maka ruwa daga sama."

"Shekara talatin, Bapu."

"Talatin da biyu. Da haƙurin nan na biya maka jami'a, ba da fushi ba."

Sarvesh ya zauna a bakin tebur. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Shekara guda na yi ina gina miki uzuri. Na kai shi gaban masu kuɗi, na sa an haska shi a gari ɗari. Kowa na tafa wa yarinyar. Ni ina zaune a baya ina cewa, wannan Kumud ce, da an bar ta."

"Ba ni ba ce."

"Me ya sa kika faɗa mini?"

"Yarinyar fim ɗin ka zo ɗauka. In na bi ka, wata rana Chacha zai zo ɗakinka mai kallon layin dogo, in shiga kicin... Ban san me hannuna zai yi ba. Ban sani ba."

Na tsaya har na ji tsayuwar ta yi yawa, sai na tuna da aiken.

"Bua ta ce tana gayyatarka shan shayi ƙarfe huɗu."

"Ni?"

"Maa ta ce a sauko da tangaran ɗin aurenta."

Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Tangaran. Ai dole, sunana na bangon silima." Ya dubi mahaifinsa, wanda ke shafa wa ƙunar ruwa da yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. "Ki ce wa Bua gidan Kanaujiya sun amsa gayyata."

*

Ƙarfe uku da rabi Bua ta gama soya samosa, ta canza sari sau biyu, ta sa ni na share falo na sake sharewa.

"Zan ce masa ya sa ni a fim na gaba. Uwar jaruma. Ko kakarta, ba ni da girman kai."

"Ki ce ya sa ki a mai faɗawa kwata," Maa ta ce.

Na wanke tangaran ɗin guda shida, farare masu zanen shuɗin fure, da suka zo cikin kayan auren Maa. Sau biyu na taɓa ganin an sha da su: ranar da shugaban ofishin mahaifina ya zo, da ranar da wasu suka zo ganina suka tafi ba su dawo ba.

Ƙarfe huɗu daidai aka buga ƙofar gaba.

Bua ta riga kowa. Ta buɗe da fara'arta duka, sai fara'ar ta tsaya a fuskarta.

Chacha Ramautar ne. Farar riga doguwa, guga har tana ƙyalli, gashinsa ya sha mai. Ba ƙunshin kaya a kafaɗarsa. Ban taɓa ganin hannuwansa ba komai ba, shi ma kamar bai san inda zai ajiye su ba.

"Ramautar," Bua ta ce, "ka ɓata hanya ne? Ƙofar baya a buɗe take."

"Na sani, ranki ya daɗe. Yaron ne ya ce ta nan."

Na leƙa ta kafaɗarta. Sarvesh na tsaye a bakin get, hannuwa a aljihu. Bai shigo ba.

"Shi fa?" Bua ta ce.

"Ya ce magana irin wannan uba ke kawo ta." Chacha ya cire takalmansa ya jera su can nesa da namu. "Ya ce kuma kada in faɗi abin da ya kawo ni sai na sha shayi. Ni dai ban gane wa yaran yanzu ba."

Ya shigo yana taka dardumar da gefen ƙafa. Ya nemi wuri a ƙasa kusa da ƙofa zai durƙusa.

"Chacha, kujera," na ce. Ban san muryata za ta fito ba.

Ya dubi Maa. Maa ta dubi bango. Ya zauna a bakin kujerar, rabin jikinsa a iska.

Ana jin man samosa na ɗiga a kicin.

"Kumud," Maa ta ce. "Kawo shayi."

Na shiga kicin.

Shayin na tafasa. Tangaran shida a jere a kan tire. A bakin taga, kofin silba na kife, ranar yamma ta haska ɗigon jan farcen.

Na tsaya ina kallon hannuna na dama. Wallahi kallonsa nake kamar na wata. Na riƙe shi da na hagu.

Na zuba kofi huɗu. Na Bua, na Maa, nawa. Na huɗun na cika shi har baki, na ƙara sukari cokali ɗaya. Na ɗauki tiren. Na juya.

Maa na tsaye a ƙofar kicin.

Ta dubi tiren. Ta ƙirga da ido.

"Huɗu," ta ce a hankali.

"Eh, Maa."

"Yaron ya shigo ne?"

"A'a."

Ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Na ɗan na yarda, ya zama wani abu, mutane za su fahimta. Wannan kuwa wankin gidan nan yake ɗauka. Kayan uwata ne waɗannan. In bakinsa ya taɓa, sai dai in fasa duka shidan. Mayar ki ɗauko nasa."

"Maa..."

"In kin wuce ni da tiren nan, kin gama shiga kicin ɗina. Ki san da shi."

Ta tagar falo ina hango get. Sarvesh ya matso, ya dafa ƙarfen da hannu biyu. Ba fuskata yake kallo ba. Tiren yake kallo.

Sai muryar Chacha ta taso daga falo, a sanyaye, irin ta mai ba da haƙuri.

"Bitiya, kada ki wahalar da kanki. Na san yadda gidan yake, na taho da nawa."

Na ji ƙarar ƙaramin kofin silba da aka ciro daga aljihu, aka ajiye a ƙasa, kan siminti.

Taku huɗu ne tsakanina da shi.

"Maa," na ce, "sakar mini hannu."

Ba ta sake ba.

Ni ma ban ajiye tiren ba.